Ranar da Na Kai Kogi Filin Idi

Ko da na so in manta, ba zan taɓa mantawa da aikina na farko a Matamaye ba. Na dawo daga karatu ke nan, kai ya kumbura, wani porje, wato shirin raya ƙasa, na ruwa ya ɗauke ni gwaji. Aikin shi ne in gano inda koramu ke haɗuwa a yankin Kurni, domin a zaɓi wurin da za a gina ƙaramin baraj, wato madatsar ruwa, don masu lambu. Wuri ɗaya kawai za a gina, in an kuskure shi ke nan.

Na samo bayanan tudu da kwari na tauraron ɗan'adam, na zuba a ordinatar, wato kwamfuta. Manhajar da ke ciki tana bin gangare ne, ta zana inda ruwa zai bi, ta ɗiga alama a kowace mahaɗa. Amma kafin nan akwai matakin cike ramukan da ke cikin taswirar, don kada layin ruwa ya tsaya a hanya. Haka aka koya mana, ni kuwa na danna ban ko yi tunani ba.

Ran taro na sa babbar riga (ta aro ce, Allah na gani), na haska taswira a bango gaban direkta da masu gari. Na nuna jar alama mafi girma na ce, "Ga wurin. Manyan koramu biyu nan suke haɗuwa."

Kawu Ilu, yayan mahaifiyata, mai noman rake a ƙauyen da alamar ta faɗa, ya taso ya ƙura wa bango ido. Ya ce, "Ɗan nan, ka je wurin kuwa?"

Na ce, "Ba sai na je ba, Kawu, na'ura ta gani daga sama." (Har yau in na tuna wannan magana sai na rufe fuska.)

Ya ce, "Ai ka je. Filin Idi ne. Bana ma a bayana ka yi salla. Don ruwa bai zuwa can aka zaɓe shi."

Ɗakin ya fashe da dariya. Direkta ya cire tabarau ya ajiye. Ni kuwa zufa ta jiƙa rigar mutane, na ce a raina aiki ya tafi.

Kawu bai yi dariya ba. Ya ce a fito waje. Ya tsuguna, ya zana koramun nan a ƙasa da kara, kowace da sunanta, ya nuna tabkuna biyu inda ruwan ke tsayawa ya kwanta har rani. Sai a lokacin na gane: tabkunan ne ramukan da na cike, manhajar ta tura ruwansu gaba har filin Idi. Sannan ya dubi direkta ya ce, "Sauran alamun nasa duk daidai suke, har da wata da ni kaina sai da na yi tunani. Yaron ya iya, tafiya ce bai yi ba."

Na sake aikin na bar tabkunan yadda suke. Abin da ya fito shi ne zanen Kawu, ba ragi ba ƙari. Wallahi ban taɓa ganin girmansa kamar ranar ba.

An gina baraj ɗin inda karansa ya nuna, ni ma ba a kore ni ba. Tun daga nan ba na haska taswira sai na taka wurin da ƙafata. Sai dai duk Salla, in na shimfiɗa darduma, sai wani ya ce, "Injiniya, naɗe wando, kogi na tafe."