Zanga-zanga a Durƙushe

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na jagoranci zanga-zanga a durƙushe ba, kuma ko na so in manta, 'yan kabu-kabun Illela ba za su bar ni ba.

Ni ma'aikacin jinya ne a wani ƙaramin asibiti nan garin. Wakilcin ƙungiyar ma'aikatan lafiya kuwa ba wanda ya tilasta mini, ni na ɗaga hannu da kaina. Ba albashi, ba alawus, sai jar hular ƙungiya da baƙin jini wurin manya. (Matata Hajara ta ce ko ciwon kai ake rabawa kyauta, ni zan fara shiga layi.)

Abin da ya tada rigimar, Malama Rabi unguwarzomarmu ce ta buɗe baki gaban manya ta ce babu safar hannu a ɗakin haihuwa. Ba a jima ba aka ce an mayar da ita aiki can ƙauyen Tozai. Matar nan ita kaɗai ke jinyar tsohuwarta mai shanyewar ɓarin jiki, in ta tafi ba mai ɗaga ta, ba mai kwantar da ita. Na ce wallahi ba a zamanina ba.

Sai muka ji wani sabon babba daga Sakkwato zai zo duba asibiti. Na aro lasifikar wani mai tallar maganin basir a bakin iyaka, irin wadda in ka yi tari cikinta sai an ce maka sannu daga Birnin Konni. Na tara ma'aikata bakin ƙofa, na bugi ƙirji na ce, "Ko wane ne ya fito motar nan, sai na nuna mishi yatsa a hanci!" 'Yan canji suka cusa kuɗinsu na sefa aljihu suka zo kallo.

Mota ta tsaya, gilashinta baƙi ƙirin. Ban jira an buɗe ba, na ɗaga lasifika: "Azzalumi ya fito! Yau ƙarya ta ƙare!"

Ya kuwa fito. Baffan Hajara. Waliyyinta, wanda ya ba ni aurenta da bakinsa. Dattijon Bafillace wanda tun da na shiga gidansu ban taɓa cin abinci gabansa ba, ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba. (Sunansa ba zai fito bakina ba, ko a rubuce.) Ashe an yi masa canjin wurin aiki, ba wanda ya shaida mini.

Jama'a, gwiwa ba ta san dokar ƙungiya ba. Kafin in yi shawara da ita ta kai ƙasa, takalmana suka cire kansu. Na manta lasifika na kunne, sai ga muryata ta karaɗe unguwa, siririya kamar ta amarya: "Baffa, an zo lafiya? Ya hanya? Ya su Inna?"

Dariya ta ɓarke har cikin ɗakin masu karaya. Sani mai ba da magani ya ɗaga murya: "Kwamared, ina yatsan? Ko ka bar shi gida?"

Baffa ma kunyar ta kama shi. Ya juya wa direbansa, yana kallon tayar mota: "Tambayi mijin ɗiyar nan, mi ya faru?"

Na so ƙasa ta tsage. Amma ta wutsiyar ido na hango Malama Rabi tana share hawaye da bakin hijabi. Sai na ce wa kaina, mutuncin dai ya riga ya zube, kada a yi biyu babu. Kaina a sunkuye, na fuskanci direba, na zayyana masa komai ta lasifika: safar hannu, Tozai, tsohuwa mai jinya. Direba ya maimaita wa Baffa, kamar ba shi ke tsaye kusa da ni ba.

"Ce mishi ya tashi, mu shiga ciki."

"Ce wa Baffa, Allah shi ja zamaninshi, ba ni tashi sai an bar Rabi inda take."

"Ce mishi rana ta yi zafi."

"Ce wa Baffa na gode, nan ma da daɗi."

To, wane dattijo ne zai bar surukinsa durƙushe cikin rana gaban 'yan canji, labari ya kai rugar dangi? Ya ja gemu, ya yi gyaran murya, ya ce wa tayar mota Rabi ta zauna, safar hannu kuma za a duba.

Aka yi sowa, aka ce Kwamared ya tashi. Ina! Gwiwa ta ƙage, tumbi ya danne ta. Sai keken marasa lafiya aka kawo, Malama Rabi da kanta ta tura ni ciki, tana dariya tana kuka.

Har yau in na wuce tasha sai wani ya maƙe murya ya ce, "Ya su Inna?" Ni kuwa in ɗaga masa hannu. Su yi ta yi, ban kuma ajiye wakilci ba. Darasin da na ɗauka dai guda ne: gwagwarmaya ba ta hana ladabi, amma kafin ka kira mutum azzalumi, bari ya sauke gilashi tukuna.