Shekara Biyu Babu Haraji

Tsoho Douwe ya kai shekara tamanin da uku, arba'in daga ciki a tatsar shanu ya yi su a bayan garin Dokkum. Tun safe ya aiki jikarsa Marrit ta sayo masa kyafaffen kifi, sai da rana ta raba ya hango ta ta taga tana jingine keke, takardu sun cika mata jaka. Mako mai zuwa za ta tafi Amurka. Wata jami'a ce ta gayyace ta binciken tana, tsutsar nan ta cikin ƙasa.

"Sannu da gida, Kaka. Ya ƙafar?"

"Ƙafar ta fi ki sauri. Teku kika je kamo kifin?"

"Takardun haraji na tsaya cikewa. Idan sun karɓu, can ba za a taɓa mini albashi ba."

Douwe ya gyara zaman tabarau. "Ba za a taɓa ba? Wa kika sani a can?"

"Ba wanda na sani. Yarjejeniya ce tsakanin ƙasarmu da tasu. Mai binciken ilimi da ya je da bizar wucin gadi, ana ɗaga masa ƙafa."

"Ikon Allah! Ni da na ciyar da rabin garin nan da madara, ko sisi ba a taɓa yafe mini ba. Ke mai tonon tsutsa ce za a ɗaga wa ƙafa?"

"Ai ba don tsutsata ba, shanunka ko ciyawa ba za su gani ba. Kamata ya yi ka riƙa gaishe ni da safe."

"Ji mummuna! To ni ma a rubuta ni. Mai bincike ne ni."

"Binciken me? Tukunyar maƙwabta?"

"Halin saniya. Na san wadda za ta yi harbi tun kafin ta ɗaga ƙafa."

"Shi ya sa haƙoranka na gaba suka rage biyu?"

Ya danne dariya, don tambayoyi na cin sa. "To in kin gano wani abu, ki sayar ki yi kuɗi?"

"A'a. Sai binciken da jama'a za su amfana. In don aljihun wani ne, babu sassauci."

"Ashe har abada za ki zauna can kina cin banza."

Da wasa ya faɗa, amma abin da ke damunsa ke nan tun ranar da wasiƙar gayyatar ta zo. Ɗan maƙwabcinsa haka ya tafi da sunan shekara ɗaya, sai hotunan jikoki ake aikowa.

"Ina fa! Shekara biyu ce cif. In na zarce, duk harajin da aka yafe tun ranar farko sai na amayar da shi."

"Duka?"

"Duka."

"Ko da wani dogon Ba'amurke ya ce yana sonki?"

"Ko shi. Sai dai ya biyo ni nan ya yi ta fama da surutunka."

Douwe ya dubi takardun nan kamar yau ya fara ganin takarda. Can ya fashe da dariya har da tari.

"Kai! Na ƙarar da rayuwata ina tsine wa masu haraji, yau ga shi su za su koro mini ke gida. Kin ci ni, 'yar nema."

Ya kwance agogon hannunsa ya tura mata a kan tebur.

"Ungo. Yana nuna kwanan wata."

Marrit ta duba. "Kaka, ai wannan yana gaba da kwana biyu."

"Na sani. Kar ki kuskura ki gyara."