Ta'aziyyar Sarkin Gitawa

Damina ce mai nauyi, shekarar samun mulkin kai, ga noma ga zazzaɓi, kowa a gajiye. Ni kaɗai ke da takardar yaƙi da jahilci a unguwarmu ta Tambuwal, don haka abin da na karanta ba a musu.

A littafin ɗana, malamin makaranta, na tsinci labarin Gitawa, wata kabila ta ƙasar Suwidin. Wai ƙaton maciji ya kashe sarkinsu, mata na ta kuka. Ban jira ɗana ya dawo ba. Ai baturiyar da ke yi wa yara lamba 'yar Suwidin ce!

Na tara mata, muka dama fura, muka taka caɓi har masaukinta. Muka zauna jugum.

Na ce, "Sannu da haƙuri. Ya rashin sarki?"

Tafintan da ke tare da ita ya faɗa mata, ta amsa. Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa.

"Inna, ta gode. Amma rasuwar ta fi shekara dubu."

Har yau in an yi mutuwa, maƙwabciyata Hajo sai ta leƙo: "Malama, wanga rashin na bana ne, ko na littafi?"

Washegarin ta'aziyyar dai ni kaɗai na koma karɓo ƙwaryar furata.