Injiniya Kashe-Kunna da Faifan Surukinsa

Duk wanda bai san Injiniya Kashe-Kunna ba, to bai san ilimi ba. Mutum ne da ya yi kwas ɗin kwamfuta na sati biyu cur, har da Asabar, aka ba shi takardar shaida, ya kai aka ƙara mata girma sau uku ya rataye a falo. Yana yawo da katin wani taro a wuya, taron da aka tashi shekara shida da suka wuce. Idan waya ta ƙi, ko firinta ta cije takarda, sai ya gyara zaman tabarau, ya yi shiru irin na masu zurfin tunani, sannan ya ce, "Kashe ki kunna." Daga nan ya samo sunan. Shi dai rabin farko yake ji, wato Injiniya, sauran kuwa yana ɗauka hassada ce.

Surukinsa, mahaifin matarsa, tsohon likitan dabbobi ne da kowa ke kira Baba. Shekara tara yana rubuta littafi a kan cututtukan awaki da tumaki, da yatsa biyu, a wata tsohuwar kwamfutar tebur da ke ɗakin karatunsa. Aikin shekara arba'in ne ya zuba a ciki. Ranar Litinin zai kai wa masu ɗab'i. Kwafi biyu ne kacal a duniya: ɗaya a faifan ajiyar da ke cikin kwamfutar, ɗaya a wani ɗan filas, irin na ajiyar bayanai da ake sokawa a kwamfuta, da Baba ya ɗaura wa jan zare don kada ya ɓata.

Ranar Asabar da hantsi Injiniya ya kawo iyalinsa gaisuwa. Bayan an gaisa, ya leƙa ɗakin karatu, ya ga kwamfutar tana aikinta lafiya lau, abin ya tsaya masa a rai.

"Baba, ai wannan injin yana cikin haɗari," in ji shi. "Bayos ɗinsa ya tsufa. Bayos, Baba, shi ne ɗan umarnin da ke can cikin ƙashin injin, wanda ke tashinsa ya nuna masa inda zai nemo kayansa. Mu a fagenmu ba ma barin irin wannan ya kwana. Minti biyar zan sabunta shi. Abin da kawai zan roƙa, in an zo shafin godiya a littafin, a tuna da waɗanda suka yi hidima."

Baba ya ce, "Injiniya, ai lafiyarsa ƙalau."

"Haka marar lafiya ke cewa, Baba."

Kunya ta hana tsoho musu da mijin 'yarsa. Ya fita duba wata tunkiyar maƙwabci, ya bar ɗakin a hannun ilimi.

Sabuntawa tana bukatar filas wanda ba kome a ciki. Injiniya ya duba tebur, ya ga mai jan zare. Ya soka, allon ya tambaye shi ko ya tabbata yana son share abin da ke ciki. Wannan tambaya ta ɓata masa rai, don shi ba a tambayarsa ko ya tabbata. Ya danna.

Sannan ya buɗe shafin saitin injin, shuɗin allo cike da layuka, ya ga babu inda ya taɓa yin kama da masani irin gaban wannan allo. Ya kwala wa matarsa kira. Tela ce, mace marar yawan magana, wadda shekara goma na aure suka koya mata cewa ɗaukar hoto ya fi gardama sauƙi.

"Ɗauke ni. Ki tabbata allon ya fito, da agogona."

Ta ɗauka har goma sha biyu. A wani ya riƙe haɓa, a wani ya nuna allon da biro. Ana cikin haka ƙurar da ke bayan injin ta shige masa hanci, ya saki wata atishawa da ta ninke shi biyu, daidai lokacin da ta danna. Ya karɓi wayar ya duba. Ba a ganin kome nasa sai ƙeyar hula a can ƙasa.

"Goge wannan. Mutuncina nake karewa."

Kafin sabuntawar ta fara, wani dogon gargaɗi ya fito, yana cewa duk saitin zai koma yadda ya zo daga kamfani, a rubuta na yanzu a ajiye. Injiniya bai karanta ba. Gargaɗi na 'yan koyo ne.

Injin ya yi gurnani, ya mutu, ya farfaɗo. Maimakon hoton rago da Baba ya sa a fuskar kwamfutar, sai baƙin allo da layi ɗaya: ba a sami inda za a tashi ba. Injiniya ya kashe ya kunna. Ya sake kashewa ya kunna. A karo na bakwai ilimin sati biyu ya ƙare ƙaf. Ya buɗe jerin wuraren da injin ke tashi daga cikinsu. Ga filas, ga ramin faifan sidi da ba a taɓa amfani da shi ba, ga wani abu na intanet. Faifan da ke ɗauke da littafin Baba kuwa ko sama ko ƙasa. Garin gyaran gira an tsone ido.

Gumi ya keto masa ta ƙarƙashin hula. Amma babban mutum ba ya rasa jawabi. Da Baba ya dawo yana goge hannu, ya tarar da shi tsaye, hannu a baya.

"Baba, Allah ya sa na zo a kan kari. Faifan nan dama ya daɗe da mutuwa, tsohon Bayos ne ke rufa masa asiri. Sabon kuwa ba ya munafunci, shi ya sa ya ƙi lissafa shi. Mafita ɗaya ce a kimiyyance: a wanke injin tas, a ɗora sabon tsari."

"In an wanke, littafin fa?"

"To, kowane ci gaba da sadaukarwarsa."

Baba ya yi ajiyar zuciya ya miƙa hannu wajen filas mai jan zare. "Alhamdu lillahi, akwai wannan."

Injiniya ya duba silin. Bai taɓa lura silin ɗin ɗakin yana da kyau haka ba.

Da tsoho ya gane an share filas ɗin ma, bai yi faɗa ba, kuma da ma ya yi. Ya zauna a gefen kujera, ya cire tabarau. Shekara tara, da yatsa biyu, da idon da yanzu ba zai iya maimaitawa ba. 'Yarsa da ke bakin ƙofa ta ji kamar ta nutse don kunya da tausayi.

Can Baba ya ce a hankali, "Ni a aikina, kafin in ba dabba magani sai na rubuta yadda na same ta. Ka rubuta yadda ka sami injin?"

"Baba, ai irinmu a ka muke riƙewa."

"To me ke kan?"

Injiniya ya riga ya soka wani faifai na wanke injin, yatsansa na shawagi a kan madanni, don ya lura idan aka wanke kome, har da shaidar laifi ake wankewa.

"Baban yara, dakata," in ji matarsa. Ba ta taɓa katse shi a gaban mutane ba. Ta buɗe hotunan. Ita da sana'arta ce duba ɗinki a hoto ta fitar da irinsa, ta san amfanin kwatanta abu da abu. Hoto na farko, kansa ya rufe tsakiyar allo. Na biyu, kansa. Na biyar, kansa da gwiwar hannu. Sha ɗaya duka, ƙaton kan nan mai ɗauke da ilimi ya tsaya daidai kan layukan da ake nema.

Sai ta shiga kwandon sharar wayar ta ciro na atishawa. Allon ya fito fes, layi bayan layi.

Baba ya mayar da tabarau. Ita tana karanta na hoto, shi yana bin na allo da yatsa. A layi na tara suka ga bambanci: hanyar da injin ke magana da faifan, sabuntawa ta mayar da ita wata daban. Faifan yana nan da ransa, injin ne ke ƙwanƙwasa ƙofar da ba tasa ba. Ta mayar da layin yadda yake a hoto, ta adana, ta kunna. Sunan faifan ya dawo saman jeri. Can sai ga rago.

Baba ya buɗe littafinsa, ya gangara har shafin ƙarshe, ya share ido da bakin riga.

"Abin da nake shirin yi ke nan," in ji Injiniya. "Na bar ku ne ku koya."

Bayan wata uku littafi ya fito. Injiniya ya sayi biyar, ya tara abokan aikinsa a ofis, ya gyara katin wuya, ya buɗe shafin godiya. Bai karanta shi tukuna ba, don kun san ra'ayinsa game da karatu kafin aiki. Ya ɗaga murya:

"Ina godiya ga 'yata, wadda ta dawo mini da wannan littafi. Ina kuma godiya ga mijinta, Injiniya, wanda a ranar aka ɗauke shi hoto goma sha biyu, kuma wanda ya amfane mu shi ne wanda ba ya ciki."