Kawu Ba-Tambaya da Keken Surukinsa

"Ni fa in na ji ƙarar ƙarfe sau ɗaya, sai in faɗa maka ƙasar da aka ƙera shi, da abin da maƙerin ya karya kumallo da shi a ranar!"

Kawuna ke nan, ƙanen mahaifiyata, wanda duk layinmu ke kira Ba-Tambaya. Tun da aka haife shi ba a taɓa jin "yaya ake yi?" ta fito daga bakinsa ba. Shi ya gyara mana fanka ta koma juyawa da baya, sai dai rufin ɗaki ya sha iska mu mu sha gumi. Ina ƙaunar Kawu har cikin raina, amma in ya shigo gidana agogona nake fara ɓoyewa.

Abin da Kawu ke so a duniya shi ne shagon da ke ƙofar gidan surukinsa. Shekara uku shagon nan yana rufe, shekara uku Kawu yana kewaya shi kamar kyanwa ta ga kifi a cikin kwalba. Har allo ya sa aka rubuta masa, "Asibitin Ƙarfe", ya ajiye a ƙarƙashin gado.

Surukin nasa, da muke kira Baba, tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mutum mai tsadar magana. Likita ya sa shi hawan keke kullum da safe saboda gwiwa, 'ya'yansa suka haɗu suka saya masa na zamani. Ana nan sai ƙafar gaba ta fara ƙara, gurr-gurr, kamar ana niƙa tsakuwa. Ranar Alhamis ya turo keken zai kai wa Mai Faci, wanda ke gyaran kekuna a gindin bishiyar bakin layi, sai Kawu ya tare hanya.

"Haba Baba! Ga likita a gida za ka je wurin mai maganin gargajiya? Boris ne ya ci, ƙarfen da ƙafa ke juyawa a kansa. Minti goma!"

Baba ya dube shi tun daga hula har takalmi.

"To, Malam Injiniya. In na hau keken nan ranar Asabar da safe ban ji ƙara ba, makullin shago naka ne."

Kawu ya kusa tashi sama. Ya kira ni in zo in zama shaida, wai kada tarihi ya wuce ba marubuci.

Ya kwance ƙafar keken a tsakar gida, ya karɓo kwanon matarsa, Anti, ya tara a ƙasa. Shi boris ɗin da ya sani na tsofaffin kekuna ne, wanda da ka buɗe cibiyar ƙafa 'yan ƙwallaye za su zubo. Ya buɗe, ya girgiza, ya kasa kunne, ko ƙwallo ɗaya bai faɗo ba.

"Ka gani? Kamfani sun cuci tsohon nan. Sun sayar masa da keke ba ƙwallo!"

Na leƙa, na ce, "Kawu, ai irin rufaffen nan ne. Ga shi kamar zobe, ƙwallayen suna ciki, an rufe da roba. Ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Kamar ma akwai rubutu a jikin robar."

"Ɗana, rubutu na makaranta ne, nan aikin hannu ake."

Ya sa tsinin wuƙa ya ɓanɓare robar, ya wurga ta cikin kwata. Ya mayar wa Anti kwanonta tunda ba shi da amfani. Sannan ya ɗauko ƙusa da guduma ya ce bismilla. A bugu na bakwai zoben ya tarwatse, ƙwallayen da kamfani suka sace suka watsu a tsakar gida. Kawu ya taka uku, ƙafafunsa suka gaisa da sama, ya zauna daɓas.

"Da gangan na zauna," in ji shi. "Aikin ƙasa ne."

Boris ɗin ɗaya gefen ya fita lafiya lau, da robarsa da komai, wani ɗan bututun ƙarfe da ke tsakaninsu ya biyo shi. Kawu ya goge boris ɗin nan mai lafiya, ya ga yana sheƙi, ya zura masa igiya.

"Ga maratayin makullin shagona," ya ce, ya jefa a aljihun wando.

Saura sayen sabo. Kawu ya ɗora babban yatsa da manuni a bakin ramin cibiyar, ya auna, ya ɗaga hannu sama da yatsun a buɗe.

"Kada wanda ya taɓa ni. Awo na ɗauko."

Haka muka fita. Mutane suna miƙo hannu, yana ba su gwiwar hannu. Ƙuda ya sauka a hancinsa, ya bar shi ya yi zamansa. Mun tsallake titi biyu lafiya, muna ƙofar shagon kayan kekuna atishawa ta kama shi. Atisha! Yatsu suka haɗe. Ya dubi sama, ya sake buɗe su.

"Na haddace," ya ce.

Mai shagon ya tambaye shi, "Maigida, wace lamba?"

"Lambar me? Waya na zo saya?"

"Kowane boris da lambarsa a jikin roba. Ko ka zo da tsohon mu duba?"

"Ga lamba," in ji Kawu, ya tura masa yatsu a fuska.

Mai shagon ya yi ta ɗora boris iri-iri a tsakanin yatsun, yana cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce masa. Kawu ya zaɓi guda biyu, ya ce waɗannan ne suka yi masa magana.

A gida suka ƙi shiga. Sun fi ramin da kamar kaurin farce. Kawu bai damu ba, domin ya taɓa ji a wani wuri cewa ana sanyaya ɗaya a ɗumama ɗaya, sai su shige salin-alin. Gaskiya ne kuwa, sanyi yana tsuke ƙarfe, zafi yana buɗa shi, don haka boris ake sanyayawa. Amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Kawu ya jefa boris cikin tukunyar ruwan zafi, ya ɗauki ƙafar keke ɗungurungum ya cusa a firizar da Anti ke yin ƙanƙarar sayarwa. Murfi ya ƙi rufuwa, ya lulluɓe da bargo ya tafi shan iska.

Da Anti ta dawo daga unguwa ta tarar da ƙanƙararta ta zama tafki, taya tana leƙowa.

"Baban yara! Mene ne wannan a firizata?"

"Kimiyya ce, ba za ki gane ba."

"Wallahi in ba ka fitar da kimiyyar nan ba, kai zan saka a ciki in zauna a kan murfin!"

Ranar Juma'a aka koma ga guduma. Kawu ya yi ta dukan boris har maƙwabta suka leƙo ta katanga ko rushe gida ake. Suka shiga rabi, a karkace, kamar haƙoran tsohon jaki. Ya ɗaura ƙafar, ya ɗaure noti da ƙarfinsa duka. Sai na hango ɗan bututun nan a ƙasa.

"Kawu, wannan fa?"

"Ƙarin nauyi ne. Kamfani ke sakawa don a ce keke ya yi tsada."

Ranar Asabar da safe Kawu ya sa sabuwar riga, ya fito da allonsa ya jingine a jikin shago. Mutanen layi suka taru. Baba ya fito da makulli a hannu, ya hau keke, ya taka feda. Keke ya ce ina! Ya sake takawa, ƙafar baya ta yi ƙoƙarinta, ta gaba ta tsaya ƙyam kamar an dasa ta.

Kawu ya ɗaga hannu. "Jama'a, ku yi shiru! Wa ya ji ƙara? Baba, tsakaninka da Allah, ka ji ƙara?"

Baba ya sauko a hankali.

"Ban ji ba, Malam Injiniya. Gawa ma ba ta tari."

Aka kira Mai Faci. Ya kwance ƙafar, ya duba, ya yi salati.

"Wa ya yi wa baiwar Allah wannan duka? Ina bututun tsakiya? Shi ke hana boris matsewa in an ɗaure noti. Kuma waɗannan ai ba nata ba ne. Ina tsohon?"

Kawu ya fara tari. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na nuna aljihun wandonsa. Mai Faci ya jawo igiyar, ya goge robar da yatsa, ya karanta da ƙarfi: "Shida, sifili, sifili, ɗaya. Ai ga lambar nan, maigida. Da ita ka je kasuwa ka dawo?"

Kafin rana ta ɗaga an sayo na daidai, Mai Faci ya tura su a hankali da wani dogon ƙarfe da noti, ko guduma bai taɓa ba. Ƙafa ta yi ta juyawa shiru har muka gaji da kallo. Baba ya hau, ya kai ƙarshen layi ya dawo yana murmushi.

Sannan ya karɓi igiyar nan mai boris, ya ɗaura makullin shago a jiki. Kawu ya gyara riga, ya miƙa hannu biyu. Baba ya wuce shi, ya danƙa wa Mai Faci.

"Baba!" in ji Kawu. "Bare za ka ba wa, ga ɗan gida?"

"Don kai na ba shi," in ji Baba. "Na yi ta tsoron kada shago ya rasa ciniki. Yanzu hankalina ya kwanta. Muddin kana layin nan da gudumarka, bawan Allahn nan ba zai taɓa kwana da yunwa ba."