Kwaɗina a Gaban Dangin Ango

Ba zan taɓa mantawa da wunin bikin ƙanwata Ummi ba, ko da kuwa tsufa zai sa in manta sunan unguwarmu. Har yau idan na shiga gidan biki na ga an jera kulolin abinci, sai in ja da baya.

Lokacin ina karatun digiri na biyu a nan Minna, kuma bincikena a kan kwaɗo ne. E, kwaɗo dai da kuka sani, mai ƙurajen bayan nan da ke tsugunawa a gindin randa. Yana da kumburi biyu a bayan idanunsa, idan ya tsorata ko aka matsa wurin sai ya fitar da wani farin ruwa mai danƙo. Wannan ruwan muke tatsa a hankali, mu busar, mu gwada ko zai kashe ƙwayoyin cutar da suka fara gagarar magani. Ba ma yanka shi, tatsa ce kawai a mayar da shi inda aka ɗauko shi. A gida kuwa ban taɓa yin wannan bayanin ba. Abin da Mama ta sani shi ne 'yarta tana "binciken magani", kuma haka take faɗa wa matan unguwarmu Maitumbi tana wani ɗaga kai. (Don Allah ku gaya min, ta ina zan fara ce wa matar da ko tsaka ta gani sai ta yi a'uziyya wai ni tatsar kwaɗi nake yi?)

To, ruwan da na tara tun farkon damina sai ya lalace, an ɗauke wuta kwana da kwanaki firij ya zama akwati. Dakta, malamin da ke duba aikina, mutum ne da ba ya wasa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ruwan sama ya kusa ɗaukewa, kin san da ya ɗauke kwaɗin za su ɓuya. In ba ki kawo min wasu da ransu ranar Litinin ba, sai mu haɗu damina mai zuwa." Shekara guda cur ke nan, ni da na riga na ce wa kowa na kusa gamawa.

Ranar Juma'a, ana ta hidimar biki, na sulale na tafi ƙauyen Garatu wajen wani manomi da muka saba kamawa a fadamarsa. Allah ya taimake ni na samu manya-manya. Sai dai kafin in dawo gari an kulle ɗakin gwaje-gwajenmu, mai makullin kuma ya kashe waya. Dole in tafi da su gida. Kwaɗo ba ya son zafi, ba ya son bushewa, don haka na tsaya a hanya na sayi sabuwar kula ja, na gasa ƙusa na huhhuda murfin don su sha iska, na zuba jiƙaƙƙen yashi a ciki na rufa musu jiƙaƙƙen tsumma. Har yaba wa kaina na yi, na ce kai, ilimi dai daban ne.

Ina isa gida na tarar ɗakina ya cika da tsofaffi 'yan biki, ko wurin ajiye ƙafa babu. Sai na kai kular sito, wuri mafi sanyi a gidan, na tura ta can lungu. Na ce da safe zan canja mata wuri. Gari na wayewa aka jefa ni hidima, je ki karɓo ɗinki, zo ki raka amarya kwalliya, ina kika ajiye wancan. Duk sanda na nufi sito sai wani ya ƙwala min kira.

Sai bayan azahar na samu na leƙa da 'yar robar ruwa don in yayyafa musu. Sito wayam! Ashe a nan aka jera kulolin abinci da aka gama girki, kuma an kwashe su duka. Na ruga wajen Gwaggo Asabe, ƙanwar babanmu, wadda rabon abinci ke hannunta.

"Gwaggo, wata kula ja mai 'yan huji a murfi, ba ki gan ta ba?"

"Au, mai fitar da tururin nan? Sabuwa dal? Ai ita ta fi kyau a ciki, shi ya sa na ce a kai wa dangin ango. Da na ji nauyinta na san farfesu ne."

"Kin buɗe?"

"In buɗe ya huce? Ke wai lafiyarki kuwa?"

Dangin ango daga Wushishi suka zo, an sauke su a falon maƙwabciyarmu Maman Grace. Na tattare zanen anko na kwasa a guje, da dogon takalmi, gwaggwarona yana rawa. Addu'ar da na yi a wannan 'yar tazarar ban yi ta ba ko a daren jarrabawa.

Na shiga na tarar an shimfiɗa ledar cin abinci, mata sun kewaye, an fara zuba shinkafa. Ga kulata can a gaban Hajiya Babba, yayar uban ango, tsohuwar da tun kafin biki Mama ke ja mana kunne a kanta. Mai hankali da ya sure kular ya fita, a yi masa faɗa daga baya. Ni kuwa tarbiyya ta ci ni, na zube a ƙasa na fara gaisuwa. Kun san gaisuwar surukai ba ta da gajeriyar hanya. Ina wuni, kun zo lafiya, ya hanya, ya aka baro mutanen gida. Wannan ta amsa, waccan ta ce, "Ke ce yayar amarya mai karatun likita?" Ina cewa e, idona na kan hannun Hajiya, wanda ya riga ya sauka a kan murfin.

Da ƙyar na iya cewa, "Hajiya, a yi haƙuri, wannan kular ba taku ba ce."

Duk suka juyo suna kallona. Sai a lokacin na ji abin da bakina ya faɗa. A kawo wa baƙi abinci, sannan a aiko a ce ba nasu ba ne!

Hajiya Babba ta dube ni sama da ƙasa. "Ba tamu ba ce? To ta su wa ce, yarinya? Akwai waɗanda suka fi mu a bikin nan?"

"Wallahi ba haka ba ne, Hajiya, abin da ke ciki ne..."

"To bari mu ga abin da ya fi ƙarfinmu." Ta yi bisimilla ta murɗe murfin, ta ɗaga tsumman.

Jama'a, ban san kwaɗo yana da zuciya haka ba. Na farko ya dira a tsakiyar tiren shinkafa. Na biyu ya faɗa cinyar wata mata mai goyo. Sauran suka watsu kamar an buɗe ƙofar makaranta. Salati, ihu, wata ta haye kujera da kofin zoɓo a hannu, wata tana kiran a kawo tsintsiya. Na hango wata ta ɗaga takalmi za ta kwaɗa wa mafi girmansu, sai na ji wata murya ta cika falon, ashe tawa ce.

"Kar ku kashe min! Don girman Allah kar ku kashe, digirina ne!"

Na bi su da rarrafe. Ni da nake yi wa 'yan aji ɗaya faɗa idan suka taɓa kwaɗo babu safar hannu, ga ni ina cafke su da hannu tsirara, ina cusawa a mayafina. Na shiga ƙarƙashin kujera, na zura hannu a jakar wata baiwar Allah ba tare da neman izini ba. Gwaggwaro ya faɗi ban ma sani ba. Ina cikin haka na ji wata tana raɗa da ƙarfi, "Asiri ne fa. Kwaɗi a kula? An so a rufe mana baki ne."

Na ɗago na ga Mama tsaye a bakin ƙofa, Gwaggo Asabe a bayanta ta dafe ƙirji. Mama ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Mene ne wannan?"

A durƙushe, da kwaɗo a kowane hannu, na yi bayanin da na shekara ina gudu. Kumburi, farin ruwa, ƙwayoyin cuta, Dakta, Litinin. Hawaye suka zubo min, sai na sa bayan hannu na share ido.

Wayyo Allah! Kamar an watsa min dakakken barkono. Ruwan da nake nema ido rufe, ga shi ya same ni har cikin idon. Na fasa ƙara ina tsalle, amma ban saki mayafin ba. Maman Grace ce ta ja ni waje ta dinga kwarara min ruwa da buta tana cewa, "Buɗe ido, buɗe, kai wannan yarinya!" Kwalliyar da na zauna aka yi min duk ta bi rariya.

Ina nan a sunkuye na ji dariyar Hajiya Babba daga ciki, har da tari. "Ku bar zancen asiri," in ji ta. "Wannan ko kanta ba ta iya tsarewa ba. A ƙaro mana shinkafa kawai, amma a buɗe a waje."

Ranar Litinin na isa makaranta da ido ɗaya a kumbure, kwaɗina duk da ransu. Dakta ya sa safar hannu ya matsa na farko, ko ɗigo. Ya matsa na biyu, haka. Ya dube ni ya ce, "Wa ya riga ni tatsa?" Ashe tsoratar da suka yi ta sa sun zubar da ruwan kaf, a hannuna da mayafina da idona. Ya ce ba a rasa shekarar ba tunda suna raye, amma sai sun huta makonni kafin su sake tarawa, kuma babu mai yi min kiwo a makaranta. Haka na sake hawa Keke Napep da su zuwa Maitumbi. Mama ta gan ni da kula ta ce, "Baƙin naki sun dawo? A ajiye su bayan gida, kuma ke za ki nemo musu ƙwari." Na yi kiwon, na tatsa, na gama karatuna a shekarar.

Darasin da na ɗauka shi ne, abin da kika ji kunyar faɗa wa mahaifiyarki a ɗaki ku biyu, wata rana za ki faɗe shi a gaban surukan ƙanwarki, a durƙushe, kai babu ɗankwali, ana ɗaukar ki a waya.