Ranar da Sirrina Ya Fito a Wayar Kowa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da direktan lakkwal ɗinmu, wato makarantarmu ta boko a Madarumfa, ya dawo daga Maradi da akwatin wifi a hammata. Ni ne mushen lissafi, wato malamin lissafi, kuma ni kaɗai na taɓa zuwa horon ordinatar, wato kwamfuta, na kwana uku (rabinsu a layin abinci na ƙarar da su), don haka tun kafin a tambaya na ce a bar mini aikin.

Na tara malamai a ofis na yi musu wa'azi. Na ce kode, wato kalmar sirrin shiga wifi, kamar makullin rumbu ne, ba a rataye shi a ƙofa. Kada a sa sunan gari, kada a sa shekarar haihuwa, a zaɓi dogon abu wanda ke cikin zuciyar mutum shi kaɗai. Madam Ramatu mai koyar da Faransanci har rubutawa take yi. Ita ce kuwa na shekara ina kewayawa na kasa furta mata ina son ta. In mun haɗu sai in tambaye ta ko an yi ruwa a unguwarsu (unguwarmu ɗaya).

Na sallami kowa, na kulle ƙofa, na zauna gaban ordinatar. Gurbi biyu ne a shafin, ɗaya na sunan rezo, wato sunan wifin da kowa zai gani a wayarsa, ɗaya na kode. Na bi shawarar kaina na rubuta abin da ke zuciyata, na latsa, na fito ina taƙama.

Ban kai bakin titi ba sai Malam Ilu mai shayi ya ɗago wayarsa. "Mushe, wai wace ce Ramatu-hasken-idona? Ga ta ta fito a wayata, ko kode ba ta nema."

Ashe a gurbin suna na zuba kode, gurbin kode kuwa na bar shi wayam. Tun daga ofis har wurin masu suyar kifi, duk mai waya ya karanta, ya kuma shiga kyauta.

Na juya da gudu har silifa ɗaya ya tsinke. Na tarar malamai sun cika ofis, kowa na danne dariya. Direkta ya sauke tabarau ya ce, "Mushe, kai naka makullin da lasifika ka rataye shi?"

Na ce ƙila haka sunan ya zo daga kamfani (Allah ya yafe mini). Nan fa dariya ta ɓarke.

Madam Ramatu ba ta yi dariya ba. Ta ja kujera, ta goge sunan ta sa na lakkwal, ta zaɓi kullewa mai ƙarfi da ake kira WPA2, ta shirya kode mai haruffa da lambobi a cakuɗe. Da ta miƙe sai ta ce ƙasa-ƙasa, "Mushe, babana a Safo yake, kuma shi ba ya da wifi. Sai dai a taka a je."

Ranar Juma'a kawunnaina suka taka neman aurenta. Yanzu 'ya'yanmu biyu, kuma Malam Ilu bai taɓa barina na wuce ba tare da ya ce in gaishe da hasken ido ba.

Abin da na koya shi ne, kafin ka latsa, duba gurbi sau biyu. Wifin gidanmu kuwa ita ta sa masa kode, har yau ba ta faɗa mini ba. In ina so, sai dai in miƙa mata wayata in kau da kai.